Ciwo ya ɗauke wa maigidana magana, ƙanensa na neman makullin shago

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a nan Maradi, shekarata 44, ni ce uwargida, ina da abokiyar zama ɗaya. Wata huɗu ke nan maigidanmu ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na atamfa da shadda. Aka ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki, ɓarin dama. Yanzu alhamdu lillahi yana takawa da sanda, amma baki ya ƙi. Ba ya cewa komai sai "to, to" da "wallahi". Abin mamaki, in an tada salla a masallacin unguwa yana bin Fatiha har ƙarshe. Wannan ya sa Inna, mahaifiyarsa, ta ce ɗaure masa baki aka yi, kullum sai an kawo rubutu, shi kuma in ya sha sai ya ƙware. Ƙanensa da suke ciki ɗaya ya ce hankalin Alhaji ya gushe, a ba shi makullin shago da littafin bashi. A gabansa suke wannan magana kamar ba ya wurin, ni kuwa ina ganin hawaye a idonsa. Da aka sallame mu daga asibiti ba wanda ya ce mana komai game da maganar. Babban ɗana da ke karatu a Yamai ya ga wata na'ura a intanet wadda ake latsawa ta yi magana, ya ce za ta kai jika ɗari uku. Ina da raguna biyu na kiwo da sarƙa ɗaya. In sayar? Ko akwai inda ake taimaka wa mutane da irin waɗannan kaya a Maradi? Kuma yaya zan yi da ƙanen nan? Wani lokaci in na kasa gane abin da yake nufi har tsawa nake yi masa, sai in shiga ɗaki in yi ta kuka. A sakaya sunana.

Wa alaikumus salam ƴar'uwata. Sannu da jinya, Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sa kaffara ce. Kafin komai, ki bar ragunanki su ci gaba da cin harawarsu, ki mayar da sarƙarki cikin adaka. Ba yau ba, kuma mai yiwuwa ba gobe ba. Zan gaya miki dalili, amma bari mu fara da hawayen nan da kika gani, don a wurina su ne suka fi komai nauyi a cikin wasiƙarki. Mutumin da ake zancen shagonsa ya zubar da hawaye, da alama ya ji abin da aka ce. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ban ga Alhaji ba, kuma likita ne zai tabbatar, amma abin da kika kwatanta ya yi daidai da abin da ake kira afazi. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane, a wannan ɓarin hagun ne ma'ajiyar kalmomi take. Shi ya sa wanda ciwon ya kama ta dama sau da yawa magana ke tafiya tare da hannu. Kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki suna gamuwa da wannan. Tun 1861 wani likita a birnin Paris, Paul Broca, ya yi bayanin wani majinyaci da ya yi shekara da shekaru ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake ce masa. Da mutumin ya rasu aka duba, sai aka tarar da rauni a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu. "To, to" ɗin Alhaji ɗan'uwan "tan" ɗin nan ne. Ya san abin da yake so ya ce, ya san ke, ya san wanda yake bi bashi, amma in ya miƙa hannu ya ɗauko kalmar sai ya tarar ba ta nan. Kin san yadda sunan wata ƙawarki ta ƙuruciya zai tsaya miki a baki, kina ganin fuskarta amma sunan ya ƙi fita? To haka yake ji, a kan kowace kalma, daga asuba har dare.

Fatihar kuwa ba abin tsoro ba ce. Abin da mutum ya hardace tun yana yaro, ya maimaita sau dubbai, kamar karatun salla, ƙirga, ranakun mako, gaisuwa, waƙa, har ma da rantsuwa da ashar, yana fitowa ne a dunƙule ta wata hanya daban da wadda ake bi a shirya sabuwar magana. Likitoci sun daɗe da sanin wannan, ana ganinsa a kowace ƙasa, kowa da abin da ya hardace. Saboda haka abin da Inna ta ɗauka hujjar asiri, alama ce da ciwon ya saba zuwa da ita, kuma abin farin ciki ne, don ya nuna murya da harshe suna aiki.

Yanzu ga aikin farko, kuma ba ya cin ko dala. Kuna buƙatar "i" da "a'a" waɗanda za a iya dogara da su. Kada ki ɗauki "to" ɗinsa a matsayin yarda, don shi ke fita ko ya yarda ko bai yarda ba, kuma a nan ne haɗarin yake in ana zancen dukiya. Ki samo kwali biyu, ki yi wa ɗaya alamar kore, ɗaya ja, ko ku tsayar da ɗaga babban yatsa da kifar da shi. Da hantsi, bayan ya karya ya huta, a kashe rediyo, yara su fita, ki zauna ta hagunsa, don wasu masu wannan ciwo ba su ganin abin da ke damansu sosai. Ki yi masa tambayoyin da kin riga kin san amsarsu, gajeru, ɗaya bayan ɗaya. A Maradi muke? A Kano muke? Wannan buta ce? Ni ce Inna? Ki jira. Ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake buɗe baki, ko da shirun ya dame ki. Ki yi haka kwana da kwanaki, kina rubuta nawa ya samu daidai. In yana samun kusan duka, kin sami ƙofa, kuma kin sami shaidar da za ki nuna wa dangi. In yana rikicewa, kada ki ɓoye wa kanki. Akwai irin afazin da ke taɓa fahimta ma, sai a rage kalmomi, a riƙa nuna abin a zahiri, a bi a hankali. Gaskiyar abin da ya rage masa ita za ta amfane shi, ba abin da muke fata ba.

Aiki na biyu shi ne littafin nuni, kuma a gaskiya shi ne na'urar da na fi so ki fara mallaka. Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya ɗauki salula ya bi gida yana ɗaukar hoton kayan Alhaji na kansa: butarsa, dardumarsa, carbinsa, kofin shayinsa, ƙwaryar fura, tuwo, kunu, maganinsa, makewayi, gadonsa, tabarmar zaure inda yake zama da abokai. A ɗauki fuskokin mutanen gida ɗaya ɗaya, da Inna, da ƙanensa, da yaron shago, da aminansa. A ɗauki masallaci, ƙofar kasuwa, gona in akwai. A kai wa mai wankin hoto, a liƙa a kaye mai kauri ko a zura a cikin ɗan littafin ajiye hotuna, a sa leda saboda ruwa da miya. Hoto huɗu zuwa shida a shafi sun isa da farko, in aka cika shafi ido zai ruɗe. A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta sunan abin da manyan baƙaƙe, da irin rubutun da ya fi sabawa, boko ko ajami. A zana mutum a shafi guda, gaba da baya, don ya nuna inda ke masa ciwo. A yi shafin ranakun mako, da na lokutan salla. Kada a manta da shafin zuciya: na gaji, raina ya ɓaci, ku bar ni, zauna kusa da ni, ba haka nake nufi ba. Wannan na ƙarshen zai fi kowanne aiki.

Tun da ɗan kasuwa ne, a yi masa shafin kasuwa. Ki karɓo ƙyallayen atamfa, shadda, leshi da yadin da yake sayarwa, a liƙa su yadda zai taɓa da hannu. Lissafi kuma kada a yi masa da baki, don lambobi na cikin abin da ciwon ke dagulawa, balle ƙirgarmu ta dala da jika da sai an juya ta a ka. A shimfiɗa masa takardun kuɗin a kan tabarma, ta jika goma, ta biyar, ta biyu, ta jika ɗaya, ya tura wadda yake nufi. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙirga kuɗi, sau da yawa hannunsa na gane su ko da bakinsa ya kasa kiran sunansu. Ki ajiye masa allo da alli a kusa. Da hagu zai riƙe, rubutun zai yi muni, wataƙila harafin farko kawai zai fito, ko wani ɗan zane, amma harafi ɗaya kan raba gardama.

Abin da ke kashe irin wannan littafi shi ne a miƙa wa majinyaci a ce "nuna mana", a tsaya ana kallonsa kamar mai jarrabawa. Ke za ki fara amfani da shi. In za ki ce "shayi za ka sha ko kunu?", ki ɗora yatsa a kan shayi, ki ɗora a kan kunu. Da ya ga uwargida ma tana nuni, kunyar za ta ragu. Kuma ki sa ran zai ture shi da farko. Dattijo mai iyali, wanda ake tashi tsaye in ya shigo, ba zai ji daɗin a ba shi littafin hotuna kamar ɗan aji ɗaya ba. Kada ki yi masa muryar da ake yi wa yara, kada ki ɗaga murya, ba kurma ba ne. Wasu kuma za su ce miki in ya saba da nuni ba zai ƙara yin magana ba. Ba haka ba ne. Nunin na rage masa ƙunci, kuma sau da yawa yana cikin nuna hoton sai kalmar ta kuɓuce ta fito.

To, na'urar fa? Ɗanki ya yi tunani mai kyau, ki sa masa albarka. Irin waɗannan na'urori na da amfani ƙwarai, musamman ga wanda kalmominsa ke nan daram amma baki ne ya yi nauyi, wanda likitoci ke kira dizartiri, don shi yana iya rubuta abin da yake so na'ura ta karanta. Mai afazi kuwa, karatu da rubutu ma sukan raunana, saboda haka na'urar da ake rubutawa ba lallai ta amfane shi ba. Wadda ake latsa hoto ita ma sai ya iya zaɓen hoto, kuma wannan a takarda ake koyonsa. Ga shi mafi yawansu da Faransanci ko Ingilishi suke magana, hotunan ciki na cokali mai yatsu ne da tufafin sanyi, ga caji, ga ɗaukewar wuta, ga ƙura, in ta lalace ba mai gyara a kusa. Jika ɗari uku ba wasa ba ne a gidan da mai nema ya kwanta. In littafin ya karɓu har kun ga yana buɗe shafi da kansa, sai ɗanki ya sauke manhajar Cboard a salula mai faɗin fuska. Kyauta ce, ana sa mata hotunan gida, ana naɗar murya a kan kowane hoto. Shi ɗan naki ya naɗa da Hausa, don murya ta namiji ce kuma ta jininsa. Akwai kuma taskar zane-zane ta ARASAAC, ta ƙasar Sifen, ita ma kyauta, inda za a samo hoton abin da ba ya ɗaukuwa da salula, kamar zafi, tsoro ko jiya da gobe. Sannan kada kowa ya goge tsofaffin saƙonnin murya na Alhaji a WhatsApp. Sallamarsa da gaisuwarsa da muryarsa ta ainihi suna ciki, ana iya yanko su a sa masa. Amma a tambaye shi tukuna, wani jin tsohuwar muryarsa na faranta masa, wani kuwa yana tayar masa da hankali.

Kin tambayi inda ake taimakawa a Maradi. Kada ki sa ran ƙofa ɗaya da za ki ƙwanƙwasa a miƙo miki kaya. Taimakon a warwatse yake, sai an tattara. Ki fara da komawa wurin likitan da ke duba hawan jininsa, ko a babban asibitin jiha ko a asibitin referans, ki ce kai tsaye: ina son a rubuta mini sunan matsalar maganarsa, afazi ce ko dizartiri, kuma a tura mu wurin ortofonis. Ortofonis shi ne masanin gyaran magana da haɗiya. Ki riƙe wannan kalma, don da ita za a gane abin da kike nema. Ba su da yawa a ƙasar nan, kuma akasarinsu a Yamai suke. Masu kine da ke motsa masa hannu da ƙafa su ma ki tambaye su, don su ne ke ganin masu irin ciwonsa kullum, sun san wanda ke zuwa gari da wanda za a kira. Ki leƙa ofishin jin ƙai na asibitin, wanda ake kira sarwis sosiyal, ki ji ko akwai rangwamen da ya shafe ku. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma an yi doka a kansu a 2019, saboda haka ba bara kika je yi ba.

A wajen asibiti, ki nemi reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH. Su ne suka san wace ƙungiya ke aiki a kan me a wannan lokaci, don ayyukan ƙungiyoyin agaji na zuwa ne suna ƙarewa. Humanité & Inclusion, wadda aka fi sani da Handicap International, ta daɗe tana aiki a Nijar har da jihar Maradi, ki tambaya ko aikinsu na yanzu ya haɗa da manya masu shanyewar jiki. Malaman makarantar kurame kuwa, ba wai a koya wa Alhaji maganar hannu gaba ɗaya ba, don ciwon da ya taɓa kalmomin baki yakan taɓa na hannu ma, amma sun ƙware a kan isar da saƙo ba da murya ba, zama ɗaya da ɗayansu zai koya wa gidanku alamu goma masu sauƙi na hannu ɗaya.

Ga inda ɗanki zai yi amfani fiye da sayen na'ura. Yana Yamai, ya nemo ortofonis mai jin Hausa. Wannan sharaɗi ne babba, don ba a gyara wa mutum magana da harshen da ba da shi yake mafarki ba. Ku ɗauki gajeren bidiyon Alhaji, da izininsa, yana ƙoƙarin kiran sunan buta, yana bin Fatiha, yana nuna i da a'a, ɗanki ya kai. In masanin ya yarda, a riƙa ganawa ta kiran bidiyo. In ya ce sai ya gan shi, to a nan ne rago ɗaya zai iya tafiya, a yi tafiya guda, a auna shi, a dawo da tsarin atisayen da za a riƙa yi a gida. Tafiyar ta haura kilomita 600, sai likitansa ya ce jikinsa zai ɗauka. In kuna da dangi a Kano kuma hanya ta yi daɗi, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fi Yamai kusa, kuma can Hausa ce a bakin kowa, amma wani ya je ya tabbatar akwai wanda zai gan shi kafin ku ɗauko mara lafiya. Kada a yi ta jan ƙafa. An fi samun saurin farfaɗowa a watannin farko, kamar uku zuwa shida, ko da yake mutane na ci gaba da samun sauƙi shekaru bayan haka in ana aiki da su. Ba zan yi miki alkawarin zai koma yadda yake ba. Wasu na komawa kusa da haka, wasu na tsayawa da ƴan kalmomi da nuni, su yi rayuwarsu da mutuncinsu.

Sai Inna. Uwa ce da ta ga ɗanta, wanda ya yi mata gata, ya koma ba ya iya ce mata "ina kwana". Rubutun nan shi ne abin da hannunta ya kai. Kada ki yi jayayya da ita a kan asiri, ba za ki ci ba, kuma za ki ɓata shekarun da kika yi kina tara mutunci a wurinta. Abu biyu kawai ba sassauci a kansu. Na farko, maganin hawan jini ba a dakatar da shi don ana wani magani, ciwon na iya dawowa, na biyu kuma yakan fi na farko muni. Na biyu, ƙwarewar nan. Ba ƙaramin abu ba ce. Shanyewar jiki na raunana haɗiya, ruwa ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon haƙarƙari mai zazzaɓi. Ki gaya wa likita a wannan makon cewa yana ƙwarewa, ki kuma lura ko yana yi da ruwan sha da shayi. Kafin nan, duk abin da zai ci ko ya sha, a zaune tsaf, kaɗan kaɗan, ba a kishingiɗe ba, kuma ya ɗan jima a zaune bayan ya gama. Ki je wa Inna da ladabi, ko ki bi ta wurin malamin da ke rubutun, ki ce likita ya ce ruwa na sarƙe shi, ko za a riƙa shafa masa, a yi masa tofi? Sannan ki ba ta aiki. Ta zauna da shi bayan la'asar su riƙa bin gajerun surori, ta fara ya ƙarasa, ta ce "Salamu" ta jira ya ce "alaikum". Ta riƙa karanta masa addu'ar Annabi Musa ta cikin suratu Ɗaha, inda ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa. Ita ibada take yi, shi kuma atisaye yake samu.

Yanzu ƙanen. Zan faɗi abin da wataƙila ba ki so ji ba: yana iya zama yana da gaskiya rabi. Shago ba ya jira. Wata huɗu kaya na zaune, yayi na wucewa, masu bin Alhaji bashi na aike, waɗanda yake bi na murna an manta da su, kuma kin san ƴan kasuwarmu, rabin lissafin a ka yake. Dole wani ya tsaya. Inda ya kuskure shi ne cewa hankali ya gushe, da kuma yin maganar a kan Alhaji maimakon da Alhaji. Ko kwaɗayi ne ko rashin sani, ni da ke ba mu shiga zuciyarsa ba, kuma hanyar da zan ba ki ta isa ga ko wanne. A shari'a, ishara da aka fahimta daga wanda ba ya iya magana tana tsayawa a matsayin furuci, a ciniki da wakilci da sauransu, malamai sun tabbatar da haka tun da daɗewa. Annabi Zakariyya ma kwana uku ya yi ba ya yi wa mutane magana sai da nuni, kamar yadda ya zo a suratu Ali Imrana. Rashin furuci daban, gushewar hankali daban.

Kada ke ki tunkare shi, za a ce matar wansa ta hana dangi dukiyar ɗan'uwansu. Ki nemi babba a dangin, kawu ko baffa, tare da limamin unguwa ko aminin Alhaji na kasuwa. Su zo da hantsi, mutum uku ko huɗu kawai, su ga gwajin i da a'a da idonsu, su ma su yi nasu tambayoyin. Gani ya kori ji. In ya tabbata yana fahimta, a tambaye shi shi da kansa, da hotuna a gabansa: wa kake so ya riƙe shago? Wannan? Wannan? Yana iya nuna ƙanen nasa, kuma in ya nuna shi, ki karɓa. Amma riƙo ne na wakilci, ba mallaka ba. A ƙirga kaya a gaban shaidu, a rubuta bashi na shiga da na fita, a yi takarda kowa ya riƙe kwafinta, a yanka abin da za a riƙa kawowa cefane, kuma duk Juma'a wakilin ya zo ya zauna gaban Alhaji da littafi da kuɗi a kan tabarma ya yi bayani. In kuwa gwajin ya nuna fahimtarsa ta yi rauni sosai, to a nemi takardar likita, a je gaban alƙali a naɗa mai kula da dukiyar bisa ƙa'ida, da sharaɗin a sake dubawa in ya samu sauƙi. Makulli dai kada ya fita daga gidan a kan "to, to".

Akwai tarkon da nake so ki kauce masa. In ke kaɗai ce ke gane Alhaji, gobe za a ce ke ce ke sa masa magana a baki. Ki jawo abokiyar zamanki tun yanzu, ku haɗa littafin tare, ranar girkinta ita ke riƙe da shi, abin da ta gano ta faɗa miki, abin da kika gano ki faɗa mata. A koya wa yara biyu, a koya wa ƙanen shi ma in ya yarda. Ko ba don gudun zargi ba, ke ma ki samu ki yi barcin rana, ki je suna da biki, ki dawo da sauran haƙuri.

Tsawar da kike yi masa kuwa, ban ɗauke ta rashin imani ba. Gajiya ce, da kewar mutumin da kuka yi shekaru kuna hira bayan isha, yana zaune gabanki amma hirar ta yanke. Ba wanda ke zuwa yi wa mace jaje a kan wannan, alhali rashi ne. In kin ji abin ya taso miki, ki ce masa, "Alhaji, ban gane ba, laifin ciwon ne, bari in sha ruwa in dawo mu sake." Kada ki yi kamar kin gane alhali ba ki gane ba, yana lura, kuma ya fi tsawar ciwo. Shi ma ki sa masa ido. Baƙin ciki mai tsanani na yawan biyo bayan wannan ciwo. In ya daina cin abinci, ya juya wa mutane baya, ya ƙi fita zaure, ki gaya wa likita, akwai magani. Kuma ranar da kika ga bakinsa ya sake karkacewa, ko wani sabon rauni, ko ya rikice farat ɗaya, asibiti nan take, ba a jira gari ya waye.

Ki roƙi abokansa biyu su riƙa zuwa, ba taron dubiya mai hayaniya ba, su zauna su ba shi labarin kasuwa, su buɗe shafin ƙyallaye su tambaye shi wace shadda ce za ta tafi a sallar bana. In ƙafa ta ƙara ƙarfi, a sa shi a adaidaita a kai shi shagon ya zauna ko awa ɗaya, ya ga kayansa, masu wucewa su miƙo masa hannu. Gobe da hantsi dai ki fara da kwalayen nan biyu da tambaya goma. Bayan mako biyu ki rubuto mini nawa yake samu, da kuma hoton da ya fara ɗora wa yatsa da kansa.